Goggo ta raba ni da farcen jita

Na miƙa hannu cikin tuwo ke nan a gidan Goggo Hajara a unguwar Tremont, sai ta riƙe min wuyan hannu.

"Da waɗannan faratan za ka ci abinci a gidana? Ranar Juma'a kuma?"

Na daɗe ina tara farcen hannun dama saboda wani kiɗan jita na coci mai wuyar tsiya, wanda ake kaɗawa da yatsu. Mista Walter, tsohon da nake aikin kula da shi a unguwar Harlem, shi ke koya min. Na fara yi mata bayani. Ko kallona ba ta yi ba, ta miƙo min abin yankan farce. Na yanke su tas, jikokinta na ta dariya.

Ranar Litinin na nuna wa tsohon yatsuna kamar zan yi kuka. Ya yi dariya har da tari.

"Wa ya ce ka tara farce? Ni da tsokar yatsa nake kaɗawa tun ina saurayi. Na zaci gayu kake yi."

Na ɗauki jitar. Gaɓar kiɗan da kullum nake maƙalewa a kanta ta wuce sumul.

Har yau ban faɗa wa Goggo ba, don na san ba zan huta da gori ba. Ku ba ni shawara, in faɗa mata ko in ja bakina?