Hoton Matan Urafane

Har yau, in na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli a cikin mai, gwaggo nake tunawa. Ƙanwar babanmu ce, a ɗakinta na tashi. Mijinta ya rasu a Tasawa, ta dawo gida Urafane tana matsar man gyaɗa.

A Tasawa ta taɓa ganin wani hoto hannun mutanen parti: matan birni tsaye a jere, suna neman a bar su su yi zaɓe. Ta tambaya ina na ƙauye, aka ce mata matan ƙauye ba ruwansu, daka da ɗiban ruwa sun ishe su. Maganar nan ta tsaya mata a rai. Ta riƙa bin mata, bakin rijiya da wurin sussuka, tana cewa a taru a ɗauki hoto a kai wa kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya gani da idonsa muna nan.

Bayan an gama ɗaurin gero ta kirawo mai hoto ranar kasuwa. Mata da yawa sun yi alkawari, amma kun san halin gari. Wasu mazansu suka hana, wasu suka tsorata, don an ce akwatin hoton yana shanye kurwar mutum. Kaɗan suka zo. Gwaggo na tsaye cikin rana tana duban hanya, sai ga kakarmu an ɗoro ta a jaki. Tsohuwa ce tukuf, an haife ta tun kafin Nasara su shigo ƙasa. Da ƙuruciya ta yi hidima gidan Iya, mai sarautar mata a fadar Tasawa.

"Inna, har da ke?" in ji gwaggo.

Kaka ta ce, "Na ga Iya tana magana a fada maza sun yi tsit, ba wanda ya ce sai ta kawo hoto. Zaunar da ni, ɗiyata."

Aka shimfiɗa tabarma gindin gawo, aka sa ni jikin kaka. Mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada kowa ya motsa. Kaka ta ɗora hannu a kafaɗata. Ƙuda ya sauka a goshina, ban kore shi ba.

Hoton bai kai ga kumandan ba. Ɗan partin da ya karɓa ya riƙa yawo da shi a aljihu, maza na miƙa wa juna a rumfunan kasuwa suna dariya, ga matar wane, ga ta wane. Ba a yi mako ba aka saki ɗaya daga cikin matan, da goyo a bayanta. Daga nan mata suka daina sayen man gwaggo. In ta iso rijiya sai hira ta mutu.

Shekaru suka ɗan ja, umarni ya zo daga nesa cewa mata ma su yi zaɓe. Kaka ta riga ta rasu. Da safiyar ranar zaɓen babanmu ya tara matan gida, ya miƙa wa kowace takardar da za ta jefa. Gwaggo ta ce, "Yaya, ai ni zan zaɓa." Ya ce, "Abin da kika jawo mana ya isa haka." Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ja mayafi ta bi sahu, ta jefa wadda aka ba ta. Kafin ruwa ya sauka ta kwashe kayanta ta koma garin Gidan Amumune, can ta ƙare. Ni kuwa ban taɓa ganin hoton nan ba.

Yanzu ni ce tsohuwar gidan. Duk lokacin da za a yi zaɓe motoci na zuwa, a raba mana zane mai fuskar namiji, a jera mu, samari su ɗaga salula su ɗauke mu. Jikata ta ce hotonmu har Yamai yake zuwa. Na ce mata to. Zuwansu na ƙarshe na tambayi saurayin da ke ɗaukarmu ko ya san sunan ko da ɗaya daga cikinmu. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, gyara zanen, fuskarsa ba ta fito ba."