Irin da Cindo Ya Sayo

"To, kwana nawa ke nan?" Batulu ta sake tambayarsa.

"Yau tara, Yaya."

Cindo na tsugune a ƙofar ɗakin yayar tasa, tafin hannunsa cike da ƙwayoyin shinkafar da ya tono a gonarsa ta fadama. Ya shaida mata ruwa bai gaza ba, tsuntsu bai tsince ba, gonar Namadi da ke jikin tasa har ta yi kore shar. Tasa kuwa ko tsinke bai leƙo ba.

A Geza kowa ya san Cindo da kyan iri. Shekara talatin yana noma bai taɓa sayen na wani ba. Kafin shuka yakan naɗe ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye gindin randa. Bayan kwana huɗu ya buɗe, in ya ga farar saiwa ta faso ƙwaya, sannan ya nufi gona. Amma bara kogin Kwara ya cika, ya cinye gonar da rumbun. Bana, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ya sayar da awakinsa biyu, ya hau kabu-kabu ya tsallaka zuwa wata kasuwa a ƙasar Benin, ya sayo buhun shinkafa mai ɓawo. Ya dawo ya tarar ruwa ya sauka, mutane sun yi nisa da shuka. Sai ya ga kwana huɗun tsumma sun yi masa yawa, ya watsa buhun duka.

Batulu sana'arta ke nan turara shinkafa. Ta ɗauki ƙwaya guda, ta ɓare da farce, ta ɗaga ta duba. Cikin ya yi rawaya-rawaya, yana ƙyalli.

"Cindo, wagga ai ta sha wuta. An turara ta, aka shanya."

Ya ce ta sake dubawa. Ta ɓare biyar, duk haka. Ta ce masa idon da ke fidda saiwa ya dahu tun cikin tukunya, ko shekara za ta yi a ƙasa ba ta tashi.

Baki goma sha ɗaya ke jiransa a gida, kuma in shinkafa ba ta yi tsawo kafin kogi ya hau fadama ba, ruwa zai shanye ta.

Batulu ta ce akwai sauran ɗanyar shinkafar zakka a gidan liman. Cindo ya ce shi da ya saba kai zakka can, da wane ido zai je roƙo?

"Da wanda ka zo min da shi," in ji ta. "Tashi, kafin a raba wa wasu."

Cindo ya watsa wa kajinta ƙwayoyin, ya karɓi aron ƙwarya, ya kama hanyar gidan liman.