Tankin Surukina a Hanyar Mastura

Wannan tafiya mun yi ta ne bana, shekarar da ambaliya ta gangaro unguwar Misfala a Makka ta kwana a gidajen mutane, ta bar laka har gwiwa. Da girma na fara koyon rubutu, hannuna ya fi sabawa da tsinken tsire, don haka ku yi haƙuri da ni. Na ga dai gara in rubuta, saboda har yanzu idan na buɗe baki zan ba da labarin sai muryata ta ɗaga.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Mansur, cikin watan Rajab, za mu ziyara Madina. Motar ta surukina ce, mahaifin matata, dattijon Misfala mai harkar lodi. Tsohuwar babbar mota ce mai bodin katako. Mun kai mu ashirin a ciki, maza gaba, mata baya. Ni saboda Gwaggo na shiga tafiyar. Ƙanwar mahaifina ce, da ƙafa ta zo daga Kano. Ta ratsa Chadi, ta yi shekaru tana tsinkar auduga a Sudan kafin ta samu kuɗin jirgin ruwa. Ta iso Makka ƙafafunta sun gama aiki, Madina kuwa ba ta taɓa gani ba. Kullum maganarta ke nan, a kai ta ta yi sallama ga Manzon Allah kafin ta mutu.

A bayan motar an ɗaura wata 'yar tirela mai ƙafa biyu, a kanta tankin ruwa kwance, an shafe komai da koren fenti. An lulluɓe tankin da jiƙaƙƙun buhuna don ruwa ya yi sanyi, yadda muke yi wa tulu. Tun ana saura mako guda surukina ya aika gida gida cewa kada kowa ya ɗauko salka, tana cin wuri, ga tanki nan ya ishi kowa har da motar. Muka yi ta sa masa albarka. Wurin da salkunan za su zauna aka cika da buhunan kayansa da zai sayar a Madina. Ni ma salkata na bar ta rataye a ƙusa.

Daga Makka zuwa Jidda kwalta ce, tafiya lafiya lau. Mun sha shayi a Bahra, tsadarsa ta ninka ta Mansur, ga shi ba ƙarfi, kamar an nuna wa ruwan ganyen daga nesa. Muna wuce Jidda kwalta ta ƙare. Abin da ya rage hanya ce mai gargada, ƙasa ta yi kunya kunya kamar gonar gyaɗa, haƙoran mutum suna haɗuwa da kansu. Motar kuma mashayiya ce. Kowace tsayuwa sai direba ya buɗe gabanta ya ɗura mata ruwa daga tankin, tana huci kamar raƙumin da aka yi wa lodi fiye da ƙima.

A Tuwal muka ci kifi da shinkafa a wata gahawa, wato rumfar shayi da abinci, kan gadajen igiya. A matsayina na mai gashin nama dole in faɗi gaskiya, kifin ya soyu, amma ba su san yaji ba. Na ciro ƙullin yajina na barbaɗa, mai gahawar ya ɗanɗana ya yi ta tari yana neman tsari. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Dariyarta ta ƙarshe ke nan a tafiyar.

Tun kafin Rabigh na fara jin wata ƙara a baya. Ruwan tankin ya ragu, sai ya riƙa kai kawo a ciki, idan mota ta taka burki ka ji ya daki gaba, sannan wani abu ya ce ƙwas. Da muka sauka kwana na samu direba. Bahaushe ne haifaffen Sudan, mai yawan taba.

Na ce, "Malam direba, ba ka jin ƙarar nan?"

Ya ce, "Ina ji, ya hajj, kunnena ƙalau. Amma ni mota aka ba ni. Tanki na surukinka ne, je ka ce ya ɗaga buhunan a duba."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Shekara goma sha wani abu ina auren 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba. Yanzu in je in ce ya tone kayansa a gaban jama'a, kamar na ce ya yi mana ha'inci? Duk da haka na je. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi da gajiya. Na ce, "Baba, kamar tankin nan yana ɗan magana."

Ya ce, "Sabon fenti ne, ɗana, yana gaisawa da hanya. Kai dai ka ji da yajinka."

Dattawan da ke wurin suka yi dariya. Na ce Allah ya ƙara girma, na tashi. Mutum nawa ne suka ji ƙarar nan? Daga baya kowa ya ce ya ji. Amma wannan maƙwabcinsa ne, wancan a gidansa yake haya, wancan kyauta aka ɗauko shi. Ba wanda ya miƙa hannu ya ɗaga buhu ɗaya.

Da safe muka bar Rabigh muka nufi Mastura. Ba mu yi nisa ba muka cim ma wasu mutanenmu matafiya a ƙafa, mutum huɗu, leɓunansu sun tsage. Aka tsaya aka cika musu gorunansu, don ba a wuce mai ƙishi a hanyar nan. Tankin ya ƙara sauka, ƙarar ta ƙaru. Muka ci gaba kaɗan.

Rana ta ɗaga sosai muka zo wani busasshen kwari. Mota ta gangara, direba ya taka burki, ruwan ya daki gaba. Na ji ƙara kamar an harba bindiga. Ina waiwayawa na ga tankin ya zame daga mazauninsa, ya tsinke ɗamarar gaba, ya ɓalle katakon da ke ƙarƙashinsa, ya mirgina kan duwatsu. Tirelar ta kife. Famfon ya karye, gefen tankin ya yage. Muka dira da kwanoni da butoci, wani har da hularsa. Abin da muka tara bai cika tulu ɗaya ba. Sauran kuwa rairayi ya shanye muna kallo.

Buhunan sun yaye, sai muka ga abin da ke ƙasa. Ɗamarar ƙarfe biyu ne ke riƙe da tankin. Tsatsa ta cinye su, suna ɓarewa a hannu kamar ɓawon gyaɗa. Ta gaba ma ta daɗe da karyewa, an haɗa ta da waya da igiyar kaba, aka bi da fenti a kai. Katakon ya ruɓe, kusoshin sun fita da ƙullin busasshiyar laka a jikinsu. Lakar Misfala ce. Tirelar nan a cikin ruwan ambaliya ta kwana a farfajiyar gidansa, aka wanke ta aka shafe.

Direba ya jefar da tabarsa ya ce, "Alhaji, ka san da wannan?"

Surukina ya ce, "Na yi magana da maƙeri. Kuɗin da ya faɗa ya yi yawa, na ce sai mun dawo."

Sai mun dawo! Jama'a, ni mutum ne mai haƙuri. Na yi shekaru a gaban wuta ana zagina a kan tsinke ɗaya ban rama ba. Ran nan sai da na zagaya bayan mota na cije hannun rigata. Mutum ya san ƙarfensa ya mutu, ya hana mutane ɗaukar salkarsu, ya kwaso tsofaffi da masu goyo ya shigo da su inda ko tsuntsu ba ya sauka. Ya kuma zauna yana yi mini ba'a da yaji.

Direba ya ce motar ba za ta yi nisa ba ruwa ba, gaba ko baya, injin zai ƙone. Muka shige ƙarƙashinta muna bin inuwa. Ɗan ruwan da muka tsira da shi aka ba masu shayarwa da tsofaffi, kurɓi kurɓi. Iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin tanda. Bayan azahar Gwaggo ta daina amsa kira. Na jiƙa bakin rawanina ina goga mata a leɓe, ina kiran sunan Allah, ina kallon buhunan kayan da ke zaune a wurin salkata.

Wajen la'asar matafiyan nan huɗu suka iso. Ba su tambayi komai ba, suka kwance gorunansu suka miƙo. Ruwan da muka ba su da safe, shi aka ɗura wa Gwaggo har ta buɗe ido. Kafin magariba wata mota da ta fito daga Madina ta tsaya, ta ba mu ruwan da zai mai da mu Rabigh. Direbanmu ya rantse ba zai nufi Madina da wannan mota ba tanki ba, kuma bai yi laifi ba.

Kafin a ɗaga Gwaggo ta ce a nuna mata inda Madina take. Na juya ta arewa. Ta yi sallamarta a hankali, ta shafa. Sannan ta dubi surukina, ita sa'arsa ce, ba ta da abin jin nauyi.

Ta ce, "Malam, na ratsa dajin Sudan da gora ɗaya, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Da ka ce mana ƙarfenka ba lafiya, da mun ɗauko namu. Me zai rage maka?"

Aka ɗaga ta aka sa a mota. Muka juya muka kama hanyar Makka.

Mun shigo Mansur da hantsi, ba dabinon Madina, ba tsaraba, yara suka tarye mu da murna suka koma shiru. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Duk abin da aka lulluɓe aka ce ka dogara da shi, ka ɗaga ka gani da idonka, ko na wane ne. Ina gaida surukina har gobe, ina durƙusa masa, amma ba zan ƙara hawa abin da ya ɗaura ba sai na taɓa ƙarfen da hannuna, kuma salkata tana kafaɗata.

Ga abin da muka rasa. Tanki ɗaya da tirelarsa, suna can a kwarin. Ruwan mutum ashirin. Kuɗin motar duk wanda ya biya, don ba a mayar ba. Ziyarar Rajab ta bana. Gwaggo kuwa tun da muka dawo ba ta ƙara tashi daga tabarmarta ba, kuma ta daina cewa a kai ta Madina.