Kunyar 'Yar Fari

Kwananta huɗu a duniya na fara ganin abin. Inna ce ke yi mata wanka a tsakar ɗaki, ta kifa ta a kan ƙafafunta tana cuɗa mata baya da sabulun salo. Ni kuma ina bakin gado da kwanon kunun kanwa a hannu, ina yi kamar ba su nake kallo ba. Ta wutsiyar ido na hango 'yan cinyoyin. Ninkin fatar ta dama biyu ne, na hagu uku, kuma ba su daidaita ba. Da Inna ta juyo da ita ta haɗa mata gwiwoyi, sai na ga kamar ta hagun ta ɗan yi ƙasa.

A gidanmu na Kudan ne, inda na je wankan jego, kuma ita ce 'yata ta fari. A danginmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta ƙura masa ido. In ya yi kuka sai an miƙo mata shi sau biyu sau uku tana noƙewa kafin ta karɓa. Gwaggona, yayar Baba, abin alfaharinta ke nan, cewa ɗanta na fari har ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda muke karɓowa haya ranar kasuwa mu ɓoye a ƙarƙashin katifa. Tun ina da ciki na gama tsara yarinyar a raina: doguwa, mai dogon wuya, mai tafiya kamar tana tausayin ƙasa. A littattafan nan kowace jaruma tana da wata 'yar alama da Allah ya keɓe ta da ita, wushirya ko tawadar Allah a gefen leɓe. Sai na lallashi kaina cewa ninkin nan na uku ita ce alamar tawa 'yar.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Washegarin suna, mata sun ragu, na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, kamar ƙafar yarinyar nan ta hagu..."

Ban ƙarasa ba Gwaggo ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Ku zo ku ji mini 'yar zamani. Har kin ƙirga mata ƙafafu? To guda nawa kika samu?"

Ɗakin ya kwashe da dariya.

"Mu da muka haifi goma-goma ba mu ga komai ba, sai ke da kika fara jiya?"

Inna ta ce, "Ƙyale ta, Yaya, boko ne ke ɗibar ta." Ta harare ni, na ja mayafi na rufe fuska. Ban sake tayar da zancen ba.

Bayan arba'in na koma ɗakina a Nasarawan Doya. Can ne na fara goya ta da kaina, na kuma ji abin a jikina. Ƙafar dama takan buɗe ta rungumi ƙuguna, ta hagu kuwa sai na ɗan ja ta, kamar ƙofar da ta sha damina. Wata rana ina canza mata ƙyalle na ji wani ɗan motsi a ƙugunta, ƙas, a ƙarƙashin yatsana. Ko uhum ba ta ce ba, dariya ma take yi mini.

Na kwana biyu ina shirya yadda zan gaya wa maigidana. A zuciyata na riga na ga yadda za a yi: zai miƙe zumbur, ya karɓe ta, ya ce in ɗauko mayafina yanzu-yanzu mu tafi asibiti. Da ya dawo daga gonar rake da la'asar, yana zaune a kan turmi yana wanke ƙafa, na durƙusa gefensa na faɗa masa.

"Tana kuka ne?"

"A'a, Malam."

"Tana shan nono?"

"Tana sha."

"To ki gaya wa Hajiya mana. Ni me na sani a kan ƙafar jarirai?"

Bai ɗago kai ba, don shi ma 'yar farinsa ce, kuma mahaifiyarsa tana ɗakin da ke kallon namu. Hajiya kuwa surukata ce, wadda ko ruwa ba na iya sha a gabanta. Da wane baki zan je in ce mata na zauna na duba cinyoyin 'yata?

Yarinyar ba ta yi tafiya da wuri ba, sai da ta kusa yaye. Ranar da ta taka, tana jefa ƙafa tana karkacewa hagu kamar mai rausaya, matan gidan suka yi ta guɗa. "Ga amarya, ga yanga! Wannan sai mai mota." Ina daga ƙofar madafi ina leƙe, ina jin daɗi ina jin tsoro. Da aka yaye ta Hajiya ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, kamar yadda aka saba, na zama mai hange daga nesa.

Sai da ta haura shekara uku Hajiya da kanta ta lura cewa yarinyar da kan yatsu take taka ƙafar hagu, kuma ba ta iya bin sa'o'inta da gudu. Aka kai ta wurin wani tsohon maɗori a Kurmin Kogi. Ya lalluba ƙugun, ya ce wannan ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, ba zai ja ƙafar da bai san abin da ke cikinta ba. Daga asibitin Makarfi aka ba mu takarda zuwa Zariya.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta ɗaga hoton ƙashin ta nuna mana. Kan ƙashin cinya, in ji ta, yana da gurbin da yake zama a ƙugu, kamar taɓarya a turmi. Na yarinyar nan gurbin bai yi zurfi ba tun haihuwa, ƙashin ya zame ya hau sama. Ta ce ba faɗuwa ba ce, ba iska ba ce, ba kuma laifin goyo ba ne. Sannan ta tambaya, "Wace ce uwar?"

Hajiya ta ce, "Ni ce."

"Hajiya, wadda ta haife ta nake nufi."

Na ɗaga hannu daga bayan kujera kamar 'yar makaranta.

"Yaushe kika fara ganin wani abu?"

Da na so, da na ce ban taɓa gani ba. Amma yarinyar tana kwance a kan gadon tana kallona. Na ce, "Tun kafin suna."

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, da an kawo ta a watannin farko, wata 'yar ɗamara mai taushi ake sa wa jariri ta riƙe ƙafafun a buɗe, galibi ƙashin ya koma gurbinsa. Yanzu kuwa sai tiyata.

A mota muna dawowa, mun wuce gonakin rake da yawa. Can Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin gani, kika yi shiru."

"Kunya na ji, Hajiya."

"Kunya." Ta gyara wa yarinyar kwanciya a cinyarta. "Da kin faɗa ɗin ma, Allah kaɗai ya san ko da na saurare ki."

Aka yi aikin, aka ɗaure ta da filasta mai tauri daga ƙirji har ƙafa, wata da watanni. Ni na yi jinyarta, ni nake juya ta, ni nake share mata ƙaiƙayi da tsinken auduga. A ɗakin asibitin nan na fara kiran sunanta da ƙarfi, a gaban Hajiya, a gaban Inna, ba wadda ta tanka.

Tun daga lokacin in na je barka nakan nemi a ba ni jariri, in buɗe zanen, in duba. Nakan faki ido in ce wa mai jegon ta riƙa kallon ɗanta da kyau, in ta ga wani abu ta faɗa ko za a yi mata dariya. Wasu suna godiya. Wata tsohuwa a Ikara kuwa fizge jikanta ta yi daga hannuna ta ce in tafi da baƙin bakina.

Yarinyar yanzu shekararta sha shida. Tana tafiya, amma ƙafar hagu ta fi gajarta, wani mai gyaran takalma a kasuwar Makarfi ne ke ƙara mata tudu a takalmi. Makarantar kwana ta gagare ta saboda ɗibar ruwa, ta dawo ta jeka-ka-dawo, babanta ke kai ta a babur. In damina ta yi nisa ƙugun yakan hana ta sakat, likita kuma ta ce wataƙila akwai wani aikin a gaba. Tun bara ta daina iya zaman tahiya. A Islamiyyarsu, in an tashi sallar la'asar, takan ja kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, ta zauna kusa da tsofaffin da gwiwa ta ci ƙarfinsu.