Kofin da ke ɗakin Hajara

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Ni ba ɗan boko ba ne, amma abin da na gani makon jiya ba zan haɗiye shi ba.

Yayana ne ya horar da kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa shekarar da muka ci kofi, guda ɗaya tal da muka taɓa ci. Ba shi da satifiket ɗin koci, sai aka ɗauko wani mai takarda daga Kaduna aka zaunar a benci, shi ake ɗauka hoto. Yaya ke tsara wasa, shi ke bin 'yan ƙwallo a keke har dutsen Kufena wajen atisaye. Da kulob ya faɗo, 'yan kwamiti suka watse, damina ta rushe ofis. Yaya ya tono kofin daga cikin laka ya kawo gidanmu a Ƙofar Jatau. Har yau yana kan kabad ɗin matarsa Hajara, a tsakiyar kwanuka.

Bayan rasuwarsa koci ya zo, koci ya tafi, ko lambar kwano ba a ciwo ba. Bana wani Alhaji ya sayi kulob. Makon jiya sai ga sakatarensa a zaurenmu da katan ɗin lemo, wai kofin ya zo karɓa.

"Aro ne kawai, Malam Iro. Marigayi za mu karrama."

Mutanen da ko gaisuwar sallah ba su taɓa aiko wa Hajara ba! Na bi shi sabon ofis. Akwatin gilashi an kafe shi a bango da kwaɗo, wai na kayan aro. A gefe ga allon sunayen masu horarwa, sunan mutumin Kadunan nan a wurin na Yaya. Na nuna masa da yatsa.

"Abin da ke fayil muka kwafa," in ji shi.

Da Yaya na da rai, wallahi da kansa zai goge kofin ya kai musu, har ya yi godiya. Wannan halin ya sa suka ci da guminsa. Shi ne kuma ya sa tsoffin 'yan wasansa, masu furfura yanzu, ba sa wuce ƙofarmu ranar Juma'a ba su tsaya ba. Su ba fayil suke dubawa ba.

Ni ban gaji haƙurinsa ba. Na gaya wa sakatare: a kira mai fenti ya rubuta Garba a allon nan, in karanta da idona. Ya ce za a duba. To, a duba. Mu ma kofin muke dubawa.