Takalmin da Za Ta Girma a Ciki

Da asubar Asabar muka bar Silver Spring, mu uku a mota: ni, maigidan, da 'yarmu ta fari mai shekara goma sha biyar. Ƙannenta mun kai su wurin maƙwabciyarmu 'yar Damagaram, wadda ta leƙo da bargo a ka, ta ji inda za mu, ta ce Allah ya shirye mu. Ban ga laifinta ba. Mai hankali a ƙarshen Disamba ɗumi yake nema, mu kuwa mun cika tanki za mu neman inda ya fi nan sanyi.

Ga dalilin tafiyar. Bara muka sauya wa yarinyar makaranta, ta yi hunturu guda a ɗaki, daga aji sai gado, ba ƙawa ba fita. Abin ya dame ni har na fara tsorata. Bana Allah ya haɗa ta da wasu 'yan mata biyu masu kirki, su kuma suna cikin ƙungiyar makaranta da ke zuwa duwatsu duk Asabar, ana sulu a kan dusar ƙanƙara da wani allo da ake ɗaure wa ƙafafu biyu, sinobod suke ce masa. Malamar ƙungiyar ba ta ɗaukar wanda bai iya komai ba. Ta ce a turo mata gajeren bidiyo kafin Litinin, ta ga yaro ya gangaro, ya juya dama, ya juya hagu, ya tsaya da kansa. In babu bidiyo babu ƙungiya, ƙawayen su riƙa tafiya suna barin ta a gida har bazara. Ta riga ta bi iyayen ɗayar sau biyu, da kayan haya, sun ce tana da saurin koyo. Don haka na ɗauka aikin rabin awa ne, mu ɗauka mu juyo.

Maigidan injiniya ne, kuma tun Oktoba ya ɗauki maganar nan ya aza a ka. Mutumin da duk alaƙarsa da ƙanƙara ita ce kankare gilashin mota yana mita, shi ne ya koma kallon bidiyon samarin Turawa suna dirowa daga kan tsauni. Daga nan ya wuce bidiyon kayan wasan: wane allo ya fi, wace hular kwano, wane tabarau. A kan tuwo ma ba mu tsira ba, sai an yi mana darasi. Ranar da ya shimfiɗa matashin kujera a tsakar falo yana gwada mana yadda ake juyi, sai da maƙwabtan da ke ƙasan benenmu suka bubbuga silin. Wata Lahadi ina wurin aiki a asibiti, ya je kasuwar gwanjon kayan sanyi da aka ci a zauren wata makaranta, shi kaɗai, ya dawo da komai har takalmi, yana ta cika baki cewa ya yi ciniki irin na Kantin Kwari.

Hanyar lafiya lau take, mun bi babban titin da ya nufi Frederick ba cunkoso. Bayan garin sai gonaki da shanu da jajayen rumbuna, sararin ƙasa kamar ba a kusa da Washington ba. Abin da ban gani ba shi ne dusar ƙanƙara. Ko'ina busasshiyar ciyawa. Na tambaya ko dai mun ɓata, aka ce min in kwantar da hankali, an yi bincike. Mun tsaya a wani gidan mai, man ya ɗan fi namu sauƙi, kofinsu kuma ruwan zafi ne mai launi. Yarinyar tana baya ta toshe kunne, ta rungume jakar takalmin.

Da muka shiga Pennsylvania muka hango dutsen. Tudu ne mai ƙasa-ƙasa da aka ja wa fararen layuka daga sama zuwa ƙasa, kamar an zubar da gari a kan tabarma. Ashe ƙanƙarar ma inji ne yake fesa ta. Wato mun baro gida da asuba, mun ƙona mai, don mu biya kuɗi a kan abin da ke cikin firjina. Kuɗin shiga kuwa sai da na sa matar da ke tagar ta maimaita, don na ɗauka na mu uku ta faɗa. Na mutum ɗaya ne.

Jama'a maƙil. Ga yaran da ba su gama koyon magana ba suna wucewa fuu, ga wata tsohuwa mai furfura da ta girmi mahaifiyata tana gangarowa ba ko gezau. Na hangi wasu Habashawa da iyalansu, muka gyaɗa wa juna kai irin na waɗanda suka san 'ya'ya ne suka jawo musu. Na sami wuri a gindin gangaren 'yan koyo, wando biyu a ƙarƙashin siket, fulas ɗin shayi a hammata. Yarinyar ta hau kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe, masu kai mutane saman gangaren, maigidan ya gyara tsayuwa da wayarsa.

Gangarowar farko ba mu same ta ba, kuma ba laifin yarinyar ba ne. Maigidan ya kunna bidiyo, ya juyo da kyamara fuskarsa, ya yi sallama, ya gaida Hajiyarsa a Kano, ya tambayi jikinta, ya gaida yayyensa ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana musu inda muke da irin sanyin da ake yi. Kafin ya ce "ga takwararki nan tafe", takwarar tana zaune a ƙasa kusa da mu tana kakkaɓe wando.

Na ce, "Abban yara, malamar makaranta za a tura wa, ba Hajiya ba."

Ya ce, "To don za a tura wa malama sai a fasa gaisuwa?"

Amma da aka gyara ɗaukar sai matsalar gaske ta bayyana. Yarinyar tana tasowa daidai, da ta zo juyawa sai allon ya ƙi bin ta, ta kife. Ta tashi, ta sake, ta kife. Haka muka yi ta yi har rana ta take. Maigidan yana ƙasa yana ɗaga murya da ilimin da ya tara tun Oktoba: ta lanƙwasa gwiwa, ta dubi inda za ta, ta saki kafaɗa. Wani juyin ta faɗi ta baya har hular ta bugi ƙasa. Ta daɗe a kwance kafin ta miƙe. Da ta iso wurinmu ta ce da Turanci, yadda ta saba amsa mana, wataƙila dai ba ta iya ba ne, mu tafi gida kawai. Idonta ya cika, ta ja tabarau ta rufe.

Na ce ba inda za mu sai mun ci abinci mun yi azahar. Ɗakin cin abincin nasu ɗumi gare shi da warin jiƙaƙƙiyar safa. Dankali soyayye ɗan cikin cokali suke sayarwa a kuɗin da zan yi miyar kwana biyu, don haka na fito da dambun nama da burodi, muka ci abinmu ba kunya. Wani dattijo a teburin gefe ya tambayi mene ne, na ɗiba masa, ya ci ya ƙara miƙo hannu.

Wajen salla ne asiri ya tonu. Na sami wani lungu bayan akwatunan ajiya, na shimfiɗa ɗankwali, na ce yarinyar ta cire takalmi. Ta fara kame-kame, wai tana da alwala, wai za ta yi a mota. Na durƙusa na kama takalmin in taimaka mata, sai kawai ya zare ya biyo hannuna, igiyarsa a ɗaure tamau. Safa uku ta saka. A bakin yatsu an cusa takardar goge hannu. Na zare safar, dunduniyar ta yi bororo ya fashe, fatar ta saɓule, jini ya manne da zare. Ɗayar ƙafar ma haka.

Na idar da salla ban san me na karanta ba, Allah ya yafe min. Na ɗauki takalmin na dire shi a kan tebur gaban maigidan.

"Lamba nawa ka sayo?"

"Goma."

"Takwas take sakawa."

"Na sani. Biyu na ƙara, ta girma a ciki. Kaya da tsada haka, a saka shekara ɗaya a yar?"

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san wannan lissafin. Takalmin salla da auduga a baki muka saka shi, rigar makaranta an naɗe hannu sau uku, kuma ba wanda ya mutu. Sai dai takalmin salla zuwa gidan kaka kawai ake yi da shi. Wannan kuwa shi ne sitiyarin allon: in dunduniya tana yawo a ciki, ka juya ƙafa allon bai san ka juya ba. Abin da ya fi ƙona min rai, shi da bakinsa ya taɓa yi mana wannan darasin a kan tuwo, cewa dole takalmin ya kama ƙafa ƙam. Na tuna masa. Ya ce ai wannan maganar 'yan kasuwa ce, so suke a riƙa sayen sabo duk shekara.

Na ce, "Abban yara, ƙafar yarinyar nan ta tsaya. Ba za ta girma a cikin komai ba. Takalmana take ɗauka in za ta fita."

Ya dubi ƙafar da ke kan kujera, ya ce, "Mamana, me ya hana ki faɗa min?"

Ta sunkuyar da kai ta ce ranar da ya kawo kayan yana ta murna, har ya kira Hajiya ya nuna mata, kuma ya ce gwanjo ba a mayarwa. Ta ɗauka in ta ƙara safa zai yi.

Haushin ya rasa inda zai sauka. Na ji haushinsa, na ji nata, na ji na dutsen da injinsa. Ma'aikaciyar jinya ce ni, ba na fita ba filasta a jaka, don haka na wanke ciwon na rufe shi da kyau. Na gaya mata gaskiya cewa zai yi zafi, in ta ce mu tafi ba wanda zai ga laifinta. Ta ce za ta gwada. Maigidan bai jira an aike shi ba, ya tafi layin masu hayar takalmi, layin da tun Oktoba yake alfaharin cewa mu mun fi ƙarfinsa. Ya daɗe a tsaye kafin ya dawo da lamba takwas, tsoho, duk ya goge.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta koma sama, kuma a nan da wuri take faɗuwa. Na karɓe wayar. Gangarowa biyu ta yi tana ɗari-ɗari, ƙafar ba ta saba da sabon kamun ba, ta faɗi duka biyun. Na cire safar hannu don in riƙe wayar sosai, yatsuna suka daina jin komai. A ta uku ta taso a hankali, ta karkata dama allon ya bi ta, ta karkata hagu ya bi ta, ta sake, ta sake, ta zo gabanmu ta ja ta tsaya cak, ƙanƙara ta fantsamo min a siket. Tun farko na ja wa maigidan kunne kada ya yi magana, amma in kun saurari bidiyon da kyau za ku ji wani a gefe yana ta "a hankali Mamana, a hankali".

A kan dutsen ba sabis, sai da muka kusa Frederick saƙon ya tafi. Yarinyar ta riƙe wayar da hannu biyu, ni ina kallon titi ina addu'a a zuci. Mun kusa gida amsar ta shigo: an ɗauke ta, rukunin 'yan koyo, mota ɗaya da ƙawayenta. Ta karanta mana sau biyu, ta kira su, motar ta cika da surutun da na yi shekara ban ji irinsa daga bakinta ba. Na juya fuska wajen taga na share idona.

Masu tambayata ko su kai nasu yaran, ku kai su, amma ku fara da haya, ku tafi da abincinku, kuma kada wanda ya sayi takalmi ba tare da ƙafar tana wurin ba. Abin da na ɗauko a tafiyar nan ya ɗan wuce haka. Mun saba yi wa 'ya'yanmu tanadin shekara biyu masu zuwa, har mu manta mu dubi wanda ke tsaye a gabanmu yau. Su kuma saboda kunya da tausayinmu sai su cusa takarda su yi shiru.

Mun iso bayan isha, na karɓo ƙananan, yarinyar ta shige ɗaki tana ɗingishi tana waya. Na fito daga kicin na tarar da maigidan tsugune a bakin ƙofa, inda muke jera takalma. Ya ɗauki nata na makaranta da nawa na aiki, ya haɗa tafinsu. Ba wanda ya ɗara wani.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bara."

Ya jima yana juya su a hannu. "Saura shekara nawa ta tafi jami'a?"

"Ba su kai uku ba."

Ya ajiye takalman a hankali, ya miƙe, ya je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ina ji yana tambayarta ko za ta yarda ranar Asabar shi ya kai ta wurin motar makaranta.