Ƙafar da Delmer Ya Wanke

Delmer Sizemore bai iya zama wuri ɗaya ba. Tun muna yara a ƙauyenmu na duwatsun Kentucky haka yake, giya kuma ta zo ta ƙara masa. Shekara ashirin yana sha, yana dambe, yana tuƙa motar katako a buge. Wata rana ya yi baya da motar, ashe Hobart Caudill na tsaye a wurin. Aka yanke wa Hobart ƙafar hagu daga gwiwa, Delmer kuma ya yi shekara uku a kurkuku.

Da ya fito ya tuba, aka yi masa baftisma a rafi. Na yi murna, amma gaskiya tubarsa ta gajiyar da mu. Ya gyara rufin coci, yana yanke ciyawar maƙabarta sau biyu a mako, matattu ma ya hana su sakat. In ana wa'azi ƙafarsa na rawa har benci ya girgiza. Fasto ya ce masa Yesu ya ɗauke zunubinsa.

"Na gaskata," in ji Delmer, "amma Hobart bai ce komai ba."

Hobart kuwa shekara huɗu yana benci na gaba, ko kallonsa bai yi ba.

A cocinmu sau ɗaya a shekara, bayan jibin Ubangiji, muna wanke wa juna ƙafa, maza gefe, mata gefe. Ni ke raba kwanoni da tawul. Kullum a wannan lokaci Delmer kan sulale waje, wai zai ƙaro ruwa. Bana sai ya fizge kwano daga hannuna.

"Kai, ina za ka? Kar ka tada mana rigima," na ce.

Ya durƙusa gaban Hobart, ruwa na fantsama. "Ɗan'uwa Hobart, bari in wanke maka."

"Wacce? Ai ɗaya ka bar min."

Delmer ya kai hannu ga takalmin dama, Hobart ya janye.

"A'a, malam. Wannan ba ruwanta da kai."

Ya naɗe wando, ya kwance ƙafar roba da aka sa masa a hagu, ya jingine ta da benci. "Nan za ka wanke. Ka dubi aikinka da kyau."

Na ji tsoro, na kuma ji haushin Hobart. Delmer ya tallabi dungun da hannu biyu, yana wankewa yana kuka, ya kasa dainawa.

"Ya isa, za ka saɓule min fata," in ji Hobart. "Hau benci ka cire takalmi." Ya juyo wajena. "Kai kuma da ka saki baki, riƙe ni in durƙusa."

Na riƙe shi. Ya sa ƙafar Delmer cikin ruwan da ya wanke tasa. Na daɗe ina kallon ƙafar nan, ina jira ta fara rawa. Ba ta motsa ba.